Mamaki Ya Kama Shi

A garin Suki, a bakin Shuɗin Nilu cikin ƙasar Sudan, akwai wani dattijo Bahaushe wanda ya tsufa yana koyar da Turanci. Mutanen gari suna ce masa Ustaz. A gida yakan yi Hausa, a kasuwa Larabci, a aji kuwa Turanci. Yakan ce harsunan nan uku duwatsun murhu ne, in aka cire ɗaya tukunya ta tuntsure.

Wata rana da la'asar jikanyarsa ta zo da littafin makaranta, ta ɗora yatsa a kan wata kalma.

"Kaka, mece ce ma'anar enchant?"

"Kawo in gani, amarya," in ji shi. Labarin wata yarinya ne wadda ta fara ganin teku. Ya ce, "Wato abin ya faranta mata rai."

"Ai jiya ka ce delight ke nan."

"To, abin ya ba ta mamaki."

"Wannan kuma ka ce amaze ne."

Dattijo ya yi shiru. Ashe duk shekarun nan rabin amsa yake ba yara, gama kalmar ta haɗa murna da mamaki wuri ɗaya. Da dare ya kunna fitila, ya ɗauko tsohon ƙamusunsa, ya shiga bin asalin kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya tarar ya dame shi. Enchant daga Latin ta fito, ma'anarta a rera wa mutum waƙar tsafi. Charm ma waƙa ce a asali, daga baya ta zama laya. Fascinate tana nufin a yi wa mutum maita ko kambun baka. Captivate 'yar'uwar captive ce, wato kamamme. Astonish tana da dangantaka da tsawa. Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce enthrall, domin thrall bawa ne a tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Ya ce a ransa, yaya mutane za su ɗauki sunan bauta su ba farin ciki?

Ya juya ga Larabci, ya iske haka abin yake. Balarabe yakan kira kyakkyawan wuri sahir, daga tushen da Hausa ta samo sihiri. Wanda kyau ya tafi da hankalinsa kuwa maftun ne, daga tushen fitina. Sai ya dawo gida ga Hausa, yana tsammani a nan zai huta. Ina! Bahaushe ma cewa yake mamaki ya kama shi, abu ya ɗauke masa hankali, wance ta sace masa zuciya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Harsuna uku sun yarda a kan magana ɗaya: mutum ba ya sayen al'ajabi a kasuwa, al'ajabi ne yake zuwa ya same shi.

Nan ya tuna da kakansa. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Wasu kuma hanyar Makka ce ta biyo da su, suna tafe suna noma don su sami guzuri. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci ma'aikata, da yawa suka zauna. Kakan Ustaz yana cikin waɗanda suka zo da ƙafa daga ƙasar Kano. Yakan ba da labarin ranar da ya fara ganin kogin a cike, ruwan ja wur da ƙasar Habasha. Ya ce bai furta kome ba, sai dai ya riƙe haɓa, kayansa na bisa kai har wuya ya ƙage. A bakin ruwan nan ya ƙare kwanakinsa.

Kashegari Ustaz ya gaya wa yarinyar duk wannan. Ta yi dariya ta ce, "Ashe kogi ne ya kama kakanka."

A Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A 2024 faɗan ya iso jihar Sannar, har Sinja da Suki. Iyalin Ustaz suka gudu zuwa Gadarif da abin da hannu ya iya ɗauka. A hanya yarinyar ta ga an tare mutane an tafi da su. Tun daga ranar kalmar kamu ta daina ba ta dariya, magana ma sai da ƙyar.

Sun komo gida a 2025. Ɗakin babu kome, har ƙamus ɗin. Da watan Agusta ya zo, kogi ya kawo ruwa, dattijo ya kama hannunta suka gangara gaɓa da sassafe. Masunta suna tura jirage, ruwa yana tafiya da manyan itatuwa kamar tsinke. Ta daɗe a tsaye. Can sai ya ga hannunta ya tashi a hankali ya riƙe haɓa.

Ta ce, "Kaka, ka gani?"

"Na gani, amarya."

Bai tambaye ta da wane harshe za a faɗi abin ba.

Mai karatu, kamu iri biyu ne, ko da yake baki yakan kira su da suna ɗaya. Akwai wanda in ya saki mutum yakan bar shi a raunane, ya rasa abin da yake da shi. Akwai kuma wanda aikin hannun Mahalicci yake yi, ya tsai da mutum cak, sa'an nan ya sallame shi da zuciya mai faɗi fiye da dā. Ustaz bai sake sayen ƙamus ba tukuna. Amma in yaro ya tambaye shi kalmar nan yanzu, yakan ce masa ya jira damina.