Ƙurajen da Suka Dawo

Ina 'yar shekara 15 a Gummi ƙuraje suka feso mini a goshi da hanci. Kakata ta dube ni ta ce, "Balaga ce, kishiya, za su wuce." Suka kuwa wuce. Sai da na kai 32, ina tsakiyar aikin rahoto tsakanin Anka da Bukkuyum, suka dawo: wannan karon a haɓa da muƙamuƙi, masu zurfi da zogi, suna tsananta gab da al'ada.

Tushensu ɗaya ne: maiƙo da matacciyar fata ke toshe kafar gashi. A jikin matashi, sinadarin androjin na balaga ne ke ingiza su, kuma galibi sukan lafa. Na manya sun fi kama mata. Sauyin sinadaran jiki, damuwa da man shafawa kan zaunar da su, baƙin tabonsu kuma ya daɗe.

Don gusar da tabon na sayi man bilicin a wani kemis, sitiroyid ɗin cikinsa ya ƙara hura su. Wata likitar fata a Sakkwato ta raba ni da shi, ta rubuta mini benzoyl peroxide, ta ce in jure mako 12. Haƙurin da Kaka ta koya mini ya yi rana, amma bayan na je asibiti.