Kujera Biyu Ta Koma Ɗaya: Rakiyar Maniyyata Daga Kurawa

A da, mai rakiyar maniyyaci daga ƙasar Gobir da asubar fari yake barin gida. Yanzu babu direban da zai ta da mota sai ya ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka fara shigowa. Saboda haka hantsi ya dubi ludayi kafin motarmu ta bar Kurawa, a ƙasar Sabon Birni, cikin zafin watan Mayun 2024, lokacin da aka soma jigilar alhazan Najeriya. Sakkwato muka nufa, sansanin alhazai. Maniyyata uku ne a cikin motar, sauran duk 'yan rakiya ne, kowa riƙe da tasbaha, ana ta yi wa juna addu'ar sauka lafiya tun kafin a zo maganar jirgi.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai zanen Gobirawa a kumatu. Da farin rawaninsa da haƙorin Makka da ke walƙiya idan ya yi magana, na ɗauka shi ne mai tafiyar. Sai ya nuna mini tsohuwar da ke bayanmu rungume da jakar hukumar alhazai.

"Ita za ta, ɗana. Ni rakiya ni ka yi. Kujera biyu munka biya, ɗaya ta rage."

Lissafin da ya yi mini a hanyar Goronyo shi ne ya sa na rubuta wannan labari. Ya je Hajji sau biyu, na farko a zamanin jiragen Nigeria Airways, na biyu a zamanin Kabo. Matarsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma ya daɗe da yi mata alkawarin zai kai ta da kansa. A farkon 2020 ya sayar da shanu ya ajiye kuɗin kujera biyu a hukumar alhazai, bisa kuɗin shekarar 2019 da bai wuce kusan naira miliyan ɗaya da rabi ba kowace kujera. Annobar korona ta hana baƙi zuwa a 2020, ta kuma hana a 2021. Bai karɓi kuɗinsa ba, ya bar su can don kada ya rasa layi. A 2022 Saudiyya ta buɗe ƙofa, amma da sharaɗin kada mutum ya wuce shekara 65, ga shi kuma an rage wa Najeriya kujeru zuwa 43,008, kuɗin ya kai kusan miliyan biyu da rabi. Shekaru sun fitar da shi. A 2023 aka ɗage sharaɗin shekaru, aka mayar da kujeru 95,000, sai dai kujera ta doshi miliyan uku. A 2024 aka yanke wa maniyyatan Arewa kusan miliyan 4.7. Nan ya haƙura da kansa, ya haɗe ajiyar biyu wuri ɗaya, ya cika da kuɗin albasa.

Yana ganin an gama, sai ga sanarwa a ƙarshen Maris, tsakiyar azumi: Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ce kowa ya kawo cikon naira miliyan 1.9, wa'adin farko kuma bai kai mako guda ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500, kuma da dala ake biyan jirgi da masauki da hidimar Mina da Arfa. Gwamnatin tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90, wasu gwamnoni sun ɗauki wani kaso na cikon. Duk da haka sai da dattijon ya jinginar da fadamarsa.

Na tambaye shi me ya hana shi barin dukiyar a shanu, tun da kuɗinsu tashi yake yi tare da komai. Ya dube ni ya ce, "Shanun da sunka rage bayan na sayar, daren guda anka kore su." Wannan ita ce matsalar mai tara kuɗin Hajji a gabashin Sakkwato. In ya bari a garke, 'yan bindiga su kwashe. In ya kai banki ko ofis, ba mai sata, amma naira ta zagwanye a hannunsa. Tsarin adashin gata da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020 shawara ce mai kyau ga ma'aikaci mai albashi. Ga manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, wanda kuma ya taɓa zama watanni babu layin waya lokacin da aka katse sadarwa a wannan yanki a 2021, abin bai warware komai ba.

A Kwanar Maharba hira ta tsaya cik. Direba ya kashe rediyo, ya taka mota iya ƙarfinta, babu abin da ake ji sai salati ƙasa-ƙasa. Mutanen wannan yanki ba su manta da motar da aka cinna wa wuta da fasinjojinta a Gidan Bawa a watan Disambar 2021 ba, inda mutane fiye da ashirin suka rasu. Sai da muka hangi shingen jami'an tsaro sannan wani ya yi gyaran murya, aka ci gaba da magana.

A Goronyo muka tsaya sallar azahar. Nan dattijon ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda ya je Makka a ƙasa. Hanyar sananniya ce: Kano, Maiduguri, Fort Lami da ake kira Njamena yanzu, Abeshe, Janaina, Fashir, har Hartum. Mutum ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin audugar Jazira ya tara guzuri, sannan ya gangara Sawakin ya hau jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu ba su dawo ba, sun zauna a garuruwa irin su Maiwurno da ke gaɓar Kogin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu hali ne kaɗai ke bin teku tun daga Legas, kamar yadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi a 1921, ya bi ta Ingila. A wancan zamani babu kujera, babu wa'adi. Ranar da guzurinka ya cika, ranar ce taka.

Daga nan aka fara tsara tafiyar. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda sunansa ya bi wata unguwa a Fagge har yau. Da motoci suka fara, jirgin sama ya biyo baya. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, kuma a shekarun arzikin mai adadin alhazan Najeriya ya taɓa haura dubu ɗari. Nigeria Airways ta durƙushe a 2003. Kabo, ta Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ta yi zamaninta, Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal ta karɓa, kamfanin Saudiyya na Flynas kuma ya shigo da nasa kaso. An kafa NAHCON a 2006. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan, kuma duk wanda ya raina wannan bai san yawan kaburburan da ke kan hanyar Sudan ba.

Sai dai abin da na lura da shi a motar nan shi ne, duk girman da harkar ta yi, babu inda aka rubuta cewa wannan dattijo tsohon fasinja ne. Ɗan kasuwar Kano da ke zirga-zirga Dubai yana da kati, kamfani na tara masa maki, ana ƙara masa kilo. Alhajin ƙauye kuwa ba shi ke zaɓar jirgi ba, hukuma ce ke raba jihohi ga kamfanoni. Ba ya ciniki, ba ya fushi ya fasa, domin ba don jirgin yake tafiya ba, Ɗakin Allah ya nufa. A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka rasu. A turmutsitsin Mina na 2015 Sakkwato na cikin jihohin da suka fi rasa mutane. Da shekara ta zagayo mutane suka sake yin layi da kuɗinsu. Fasinjan da aka tabbata ba zai juya baya ba, shi ne wanda aka fi saurin ɗora wa kaya, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a ji tsoron haƙƙinsa.

Tsohuwar ba ta ce uffan ba sai bayan mun wuce Achida. Damuwarta ba lissafin miliyoyi ba ne. An gaya musu a wurin bita cewa kuɗin guzuri na shekarar dala 500 ne. Kafin nan ba da daɗewa ba, dala 800 ne. A 2023, da yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyar ƙasar jirage suka koma zagaye, kamfanoni sun nemi ƙarin dala 250, aka cire dala 100 daga guzurin kowane alhaji. Ita kuma tana da jikoki da maƙwabta da suka taya ta da kwanon gero, da kaza, da ɗari biyar, kowa na jiran tsaraba, ko da dabino ne da hula da bagaruwar Makka.

"Ɗan nan," ta ce mini, "wai da gaske goro ma ba a shiga da shi?"

Na ce da gaske ne, Inna, Saudiyya ta hana, kuma ana kama mutane a kai. Na ƙara mata da cewa zamzam lita biyar za a ba ta, ba sai ta cusa jarka a jaka ba, kuma ta riƙe katin Nusuk a wuyanta kamar layar haihuwa, don ba a shiga wuraren ibada sai da shi. Mijin ya yi ta girgiza kai. A zamaninsa da ƙullin goro da garin fura da kilishi aka tafi, aka dawo da rediyo da bargo da jarkoki. Ya so ya koya mata hanya da abin da ya sani, sai ya tarar kusan duk abin da ya sani ya daina aiki. Ko maganar muharrami ta juya: a 2012 an tsare ɗaruruwan matan Najeriya a filayen jiragen Saudiyya aka komo da su saboda babu muharrami, yau kuwa Saudiyya ta yarda mace ta je cikin ayari. 

Dokokin da yawa suna da hujja. Wurin da ake tara mutum kusan miliyan biyu cikin 'yan kwanaki dole a ƙidaya, a tantance, a duba lafiya. Kuma yawancinsu daga Riyad suke fitowa, Abuja isarwa take yi. Abin da ke hannunmu shi ne yadda ake isar da su. Wanda kuɗinsa ya shekara huɗu a ajiye bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya zo jiya ba. Ana iya mayar da ajiyar maniyyaci dala tun ranar da ya biya, ta yadda faɗuwar naira ba za ta cinye ta ba. Ana iya sanar da kuɗi da kaka, lokacin da manomi ke da abin sayarwa, a kuma ba mutanen Isa da Sabon Birni wa'adin da ya san cewa zuwa banki a wurinsu sayar da rai ne. Wanda sharaɗin shekaru ya tsayar a 2022 kuwa, ya dace a ce an riƙe masa wani rangwame.

Da la'asar muka shiga Sakkwato. Bakin sansanin cike yake da masu sayar da silifa da lema da jakar ɗaurawa a ƙugu, ga masu canji, ga mabarata, ga lasifika na kiran sunaye. 'Yan rakiya iyakarsu ƙofa. Dattijon ya ja wata 'yar garinsu mai ƙuruciya da ke cikin ayarin gefe ya ce, "Ɗiyata, ga uwarki nan, amana. Wurin jifa kada ki sake hannunta." Ya maimaita mata har ta yi dariya ta ce, "Na ji, Baba." Sun kwana a sansanin kafin a kai su filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Mu kuma muka kwana a tasha, don babu mai komawa gabas da yamma.

A motar komawa na zauna da wani magidanci mai matsakaicin shekaru da ya rako yayansa. Shi ma ya yi ajiya, amma da cikon Maris ya zo ya kasa, ya karɓi kuɗinsa. Abin da yake tambaya shi ne jirgin yawo, wato tafiya ta kamfanoni masu zaman kansu, da wata hanya da aka ce masa ta fi araha: a shiga da bizar ziyara a laɓe har lokacin Arfa. Na gaya masa cewa mai irin wannan biza ba shi da tanti, ba shi da mota, ba shi da katin shiga. Ya ce ya sani, amma in ya jira, kuɗin nan ko rabin kujera ba zai saya ba baɗi.

Wata guda bayan nan Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301 a aikin Hajjin da aka yi cikin tsananin zafi, ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. A watan Yuli aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba, aka kashe shi a watan Agusta. Tsohuwar ta dawo lafiya, fadamar mijinta na hannun wanda aka jinginar wa. Da aka zo Hajjin 2025, an yanke wa maniyyatan Arewa sama da naira miliyan 8.4.