Nisan Asibiti Shi Ma Ciwo Ne

A Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu a ke kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana sayar da saiwoyi da sassaƙe, ana kuma sayar da ƙwayoyin Bature, kowane da masu cinikinsa. Dattawan da suka taso a ƙauyukan kan duwatsu, kamar na Kauru da Kagoro, ba su raina mai saiwa, gama da ƙuruciyarsu ba su san wani likita ba sai shi, da wanzami, da maɗori, da ungozoma.

A cikinsu akwai wani tsoho mai kawo citta daga kudu. Yana yaro, wajen 1955, zazzaɓi mai zafi ya kama yayarsa ana tsakiyar damina. Aka yi jiƙo, aka yi turare, abin ya faskara. Sai maza huɗu suka ɗora ta bisa gadon gwangwala, suka gangaro da ita daga dutse. Suka tarar rafi ya kawo, ba gada, ba kwalekwale, suka kwana biyu a bakinsa. Da suka haye, sai jiran mota, ita kuwa sai ranar kasuwa ta ke biyowa. Kafin su kai Kafanchan, rai ya yi halinsa.

Alhali kuwa akwai asibiti a ƙasar. 'Yan Mishan suna da nasu a Vom da Wusasa, jirgin ƙasa kuma yana ratsa Kafanchan tun 1927. Amma wanda ke bisa dutse, tsakaninsa da likita akwai kwanaki, da kuɗin mota, da barin gona lokacin noma. Saboda haka ba a ɗaukar majiyyaci sai an fid da tsammani, in ya cika a can kuma a ce asibiti gidan mutuwa ne.

Taimakon da ya kai ga irin waɗannan mutane shi ne wanda ya taka ya je inda su ke. Tun shekarun 1930 ma'aikatan ciwon barci su ke bin ƙauyuka, dagaci ya tara jama'a, su lalubi wuyan kowa. Wanda aka ji masa kaluluwa sai a ɗebi ruwanta a duba da madubin likita, in an ga ƙwayar cutar a yi masa allura. A ƙasar Anchau aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Haka kuma masu yin lamba suka bi gari gari daga 1967, har agana ta ƙare a Nijeriya a 1970.

To, yau akwai ɗakunan shan magani a ƙauyuka da yawa, babur kuma yana hawa inda dā sai ƙafa. Duk da haka, mace mai naƙuda da dare, a garin da rafi ya datse, halinta bai bambanta da na yarinyar nan ba ƙwarai. Wanda zai auna lafiyar ƙasa, bayan ya ƙidaya gadajen asibitin birni, sai ya tambayi sa'a nawa mutumin kan dutse zai yi kafin ya ga malamin asibiti.