Tarin da Ba na Fuka Ba

Shekarun da na yi ina jinyar masu ciwon ƙirji sun bar mini tsoron gaggawar sa wa cuta suna. A wajenmu, da mutum ya daɗe yana tari, ya rame, yana gumin dare, kowa ya zama likita: tarin fuka ne. Galibi kuwa haka ne. Amma akwai wanda za a gwada majinarsa ba a ga ƙwayar tibi ba, a ɗora shi kan magani wata shida, ya shanye tas, tari yana nan daram. Daga nan sai dangi su koma zancen sammu.

Cikin irin waɗannan akwai masu sakoyidosis. Garkuwar jiki ce ke tara ƙananan ƙulalai a sassan jiki, kuma kusan tara cikin goma na masu ita a huhu take sauka. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka ware wa mutum kwano da kofi ƙarin baƙin ciki ne kawai.

Tarinta busasshe ne, da haki, da gajiyar da barci ba ya kashewa. Wannan bai isa shaida ba. Ni fata nake dubawa, don Caesar Boeck, likitan ƙasar Norwe da ya bayyana ta a 1899, a fata ya gan ta. Ƙulalai masu zafi kan fito a ƙwauri. Littattafai na cewa jajaye ne, amma a jikin baƙar fata duhu suke yi, sai an taɓa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsohon tabo. Tsagar gado da wanzami ya yi wa mutum yana jariri sai ta kumbura ta yi tudu bayan shekara talatin, ba rauni ba ƙuna. Matasan likitoci, ku riƙa kallon fuska kafin ku kalli hoton ƙirji.

Ido ma yakan yi ja, yana ciwo, yana gudun haske. In aka ɗauke shi apolo aka yi sake, gani na iya tafiya. Akwai kaluluwa a wuya, da tsakuwar ƙoda. In zuciya na tsalle ko mutum ya suma, a ranar za a tafi asibiti.

Tabbaci sai an ɗebi 'yar tsoka an duba. Da yawa takan lafa musu da kanta cikin shekara biyu zuwa uku, wasu sai da firednisolon. Kada dai a saye shi a kemis da ka, don yana kwantar da garkuwar jiki, in kuwa ashe tibi ce ke ɓoye, sai ta bazu.