Kasuwar 'Yan Lemo: Doguwar Tafiyar Ɗan Ƙaramin Lemon Tsami

 A wannan fitowa ba wata ƙasa mai nisa za mu ba, nan cikin Kano za mu tsaya, amma a wani wuri da kullum muke cin arzikinsa, alhali da yawanmu ba su taɓa taka ƙafa cikinsa ba, wato Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa. Abin da zai kai mu kuwa shi ne ɗan lemon tsamin nan da kike aiken yaro ya sayo wajen mai tebur, wanda yau a kawo miki shi cike da leda, bayan wata huɗu kuma da wannan kuɗin a kawo miki guda uku, su ma a yamushe, har ki fara zargin yaron da cin canji. To, kafin ki ɗora wa yaro laifi, zo mu je ki ga inda gizo ke saƙar.

Idan kika kama titin Zariya daga cikin gari, kika wuce Asibitin Malam Aminu Kano, kika wuce Unguwa Uku, da kin shiga Na'ibawa ba sai kin tambayi kowa ba, hancinki ne zai yi miki jagora. Kasuwar tana cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kuma tana daga cikin manyan kasuwannin kayan marmari na Arewa baki ɗaya. Abu biyu ne za su tarye ki tun daga bakin ƙofa: ƙamshin ɓawon lemo da na abarba, sai kuma wani tsami-tsami na kayan da suka ruɓe aka tara a gefe. Ki riƙe wannan na biyun a ranki, don shi ne rabin labarin.

Mai son ganin kasuwar a kan ganiyarta sai ya yi sammako. A lokacin ne za ki tarar da manyan motocin da suka kwana a hanya sun jeru, direbobi idanu jajur suna kurɓar shayi, yaran mota sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota suna rama barci, 'yan dako kuwa gammo a ka, sai kai da kawowa suke. Ga ayaba da abarba da kwakwa daga kurmi, ga kankana daga gonakin Arewa, ga mangwaro in lokacinsa ne, ga lemon zaƙi an zube shi tsibi-tsibi a kan ciyawa kamar an tara tubali. Shi lemon tsami ba ya cika ido a cikin wannan taro, 'yan buhuna ne da kwanduna za ki gani a gefe. Amma ai ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Ke dai duba gidanki. Da shi ake wanke kaza da kifi a kashe ƙarni, da shi ake tsinka kunun gyaɗa in babu tsamiya, ana matsa shi a zoɓo da lemon citta da shayi, mai mura ta haɗa shi da zuma, masu awara ma wasu da shi suke haɗa ta. In aka zo gyaran amarya kuwa ba a magana, da shi ake kwaɓa lalle don ya kama ya yi jajur, kuma halawar nan ta cire gashi da muka koya daga matan Barno da Sudan, ai sukari ne da ruwan lemon tsami. Sai dai a kula, masu goga shi tsurarsa a fuska wai don su yi haske, in suka shiga rana yana ƙona fata ya bar tabo.

Iri biyu za ki gani. Akwai namu na gida, ƙarami, kore, mai siririn ɓawo da 'ya'ya a ciki, shi ne mai kaifin tsami da ƙamshi. Akwai kuma babban nan mai launin ɗorawa da ɗan tsini a baki, wanda wasu ke ce wa na Turawa. Shi wannan mai sheƙin da ake jerawa a manyan kantuna, kowane da 'yar takarda manne a jikinsa, yawanci shigo da shi ake yi daga waje, shi ya sa kuɗinsa ke bin dala, ba ruwansa da damina ko rani.

To daga ina kayan suke zuwa? Mafi yawan lemon zaƙin da ake sha a Kano daga Jihar Binuwai yake fitowa, ƙasar Tibi, wajajen Gboko da Ushongo da Vandeikya, inda za ki yi tafiya mai nisa ba abin da kike gani dama da hagu sai gonakin lemo. Lemon tsami ma da yawansa daga can tsakiyar ƙasar yake biyo ayari, sauran kuma daga lambunan Arewa masu ban-ruwa. Motar da ta yi lodi a Gboko sai ta zo Makurɗi ta haye gadar kogin Binuwai, ta bi Lafiya, ta bi Akwanga, daga nan wasu su hau Jos su gangaro ta dajin Falgore su ɓullo Kwanar Ɗangora, wasu kuma su zaga ta Kaduna da Zariya. Ko ta ina aka bi, tafiyar ta haura kilomita 600, a buɗaɗɗiyar mota, babu na'urar sanyaya kaya. Taya ta fashe, ko inji ya tsaya a daji kwana biyu, to na ƙasan buhu ya gama yawo. Ga kuma masu karɓar haraji a shinge bayan shinge, kowane da rasiɗinsa. Duk wannan a kan ɗan lemon nan naki ake rabawa.

Shi ma cinikin hawa-hawa ne. Sau da yawa falke kan sayi gonar tun lemo yana kan bishiya, ya biya manomin da kuɗin makarantar 'ya'ya ya matsa wa, sannan ya ɗauki masu tsinka, ya yi hayar mota. In kaya suka sauka a Na'ibawa sai su shiga hannun dillali, shi ya san masu saye, shi ke yanka farashi, ya ɗauki la'adarsa. Mai sari ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a ce albarka, har a kai inda za a sallama. Daga nan 'yan baro da masu tebur da 'yan talla su saya kwando-kwando, su kai unguwa su kasa. Wasu masu sarin ma ba 'yan gari ba ne, daga Katsina da Jigawa suke zuwa, har da na Maraɗi da Damagaram a Nijar. Ki ƙirga da kanki hannu nawa lemon ya bi kafin ya zo naki, kuma kowane hannu da bakunan da yake ciyarwa a gida.

Babban mai yanka farashi dai ba dillali ba ne, yanayi ne. Yawancin bishiyoyin nan ruwan sama suke jira, don haka daga tsakiyar damina zuwa kaka lemon tsami kan yi yawa har ya rasa mai ɗauka. Da bazara ta kama kuwa, lokacin da zafi ke sa kowa neman abin sha mai tsami, a lokacin ne yake ɓuya. Wannan ne ya sa azumin shekarun 2020 zuwa 2025, da ya riƙa faɗowa tsakanin watan Maris da Mayu, ya zo wa magidanta da tsadar kayan marmari: buƙata ta ninka daidai lokacin da kaya suka ja baya. Amma da yake kowace shekara azumi yana matsowa da kamar kwana 11, zuwa 2029 da 2030 a watan Janairu zai kama, cikin hunturu, lokacin da lemon zaƙin Binuwai yake kan kakarsa.

Ban da yanayi, duk abin da ya taɓa ƙasa sai ya taɓa kwandon lemo. A 2020, da cutar Korona ta zo, mutane suka yi ca a kan lemon tsami da citta da tafarnuwa, duk da likitoci sun yi ta bayani cewa ba sa kashe cutar, ga kuma dokar kulle da aka sa wa Kano a watan Afrilu gab da azumi. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mai shinkafa ya iya rufe shagonsa ya jira, mai kayan marmari kuwa ina zai kai su? A watan Mayun wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya da na rarraba su cikin gari ya tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren, duk tsawon wannan lokaci cinikin baƙin Maraɗi da Damagaram ya ja baya.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne. Duniya tana noma sama da tan miliyan 20 na lemon tsami, manya da ƙanana, a kowace shekara. Indiya ce kan gaba da fiye da tan miliyan 3, sai Meziko, sai Sin, ga kuma irin su Ajantina da Barazil da Turkiyya da Sifen. Amma duk yawan na Indiya kusan a gida suke shanye abinsu, kuma a watan Afrilun 2022 da zafi ya tsananta, lemon tsami ya yi tsadar da har jaridunsu suka yi ta maganarsa. Meziko ce ke ciyar da kasuwar Amurka, ita ma a 2014 ruwan sama mai yawa da cutar bishiya da 'yan daba masu karɓar kuɗi a hannun manoman jihar Michoacan suka haɗu suka sa farashi ya yi tashin gwauron zabi. Bambancinmu da manyan masu fitarwa shi ne abin da ake yi da rarar kaka. A lardin Tucuman na Ajantina, mafi yawan lemon masana'anta ake kai shi, a matse ruwan, a tatsi man ɓawon, a busar da sauran, duk a sayar wa duniya. Mu kuwa rararmu ita ce tsibin nan da ya tarye ki da wari a bakin ƙofa. A cikinsa akwai gumin manomin Gboko, da jarin falke, da rashin barcin direba.

Kuma fa ba sai da masana'anta ake maganin asara ba. Alhazanmu sun sha ganin wani baƙin busasshen lemon tsami a shagunan kayan ƙamshi na Makka da Madina, wanda Larabawa ke jefawa a shinkafa da miya, suna ce masa lumi. Mutanen Oman sun shahara da shi, kuma ba wani sirri ba ne: a ɗan tafasa lemon a ruwan gishiri, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, sai ya yi watanni bai lalace ba. Rana kuwa ai ba aronta za mu yi ba, mu da muka iya kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa. Ga kuma dabarar tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wadda wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa a karkara har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Matar da ba ta da firji, ko take da shi babu wuta, za ta iya adana lemonta a ciki ya daɗe bai yamushe ba.

Masu cewa ƙasarmu ta yi zafi da lemo kuwa, sai su tambayi mutanen Agadas labarin Timiya. Wani ɗan gari ne a cikin duwatsun Azbin, sama da kilomita 200 daga Agadas, hamada ta kewaye shi, amma da ruwan rijiya suke noman lemo da rumman da dabino, har a yi lodi a kai birni. A nan kusa da mu ma, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, wato NIHORT, wadda aka kafa a 1975, tana da reshe a Bagauda. Dashen lemon da aka yi wa aure, in ya samu ruwa da taki, cikin shekara uku zuwa huɗu yake fara 'ya'ya. Gidajenmu na da ai da wuya ki rasa bishiyar lemon tsami a bayan ɗaki kusa da wajen wanke-wanke, tana shan ruwan ɗauraya. Yanzu mun shafe tsakar gida da siminti, mun koma jiran motar Gboko.

Don haka in hali ya yi, ki nemi maigida ya kai ki 'Yan Lemo wata safiya, gani ya kori ji. Ki sa takalmin da ba kya jin tausayinsa, don ƙasan wurin da santsi, musamman da damina. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku sari kwando ku raba, ya fi sayen kashi-kashi sauƙi nesa ba kusa ba. Wajen zaɓe ki ɗauki mai nauyi a hannu, mai sulɓin jiki da siririn ɓawo, shi ne mai ruwa, ki bar mai kaushi ko da ya fi girma. In kika samu arahar kaka, ki shanya wani, ki matse wani ki daskarar in kina da wuta, ki ajiye wa bazara. A hanyar dawowa kuma ku tsaya wajen masu sayar da dashe a bakin titi ku sayi ɗaya, a sa a tsakar gida, yaran su riƙa ba shi ruwa.

Shi kuwa yaron aike, a yi masa afuwa, ba shi ya ci canjin ba.