Asabar a Bakin Matan Fada

'Yar'uwa, idan kina da niyyar kai yara bikin kamun kifi na Argungu, ki fara biyawa da su Gidan Tarihin Kanta kafin ki gangara bakin ruwa. Ni ban yi haka ba, sai da ɗana ya yi mini tambayar da na rasa amsarta.

Ranar Asabar ce, 14 ga Maris, 2020, ranar rufe bikin. Tun daga na 2009 ba a sake yin sa ba, don haka babban ɗana mai shekara tara labarinsa kawai yake ji. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aikin safe a asibiti, da sharaɗin zan biya ta da kwana biyu. Bayan sallar asuba muka bar Badariya: ni, maigida, yara biyu, da Inna, mahaifiyata, wadda a Argungu aka yanke mata cibi. Daga Birnin Kebbi tafiyar ba ta kai awa guda idan hanya a sake take. Ran nan sai da muka ninka.

Tun a bakin gari muke wuce masunta a ƙafa, kowa da ƙaton gora a kai da homa a kafaɗa. Goran yana da amfani biyu: a kansa mutum yake kifewa ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Babu ƙugiya, babu jirgi mai inji. Yadda kakanninsu suka shiga ruwan haka su ma za su shiga, kuma a al'ada wannan yanki na Matan Fada ba a su a cikinsa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Mun samu gefen wata rumfa muka raɓa. Rana ta take, manyan baƙi ba su gama isowa ba, dubban masunta na tsaye can nesa da gaɓa suna jira. Idon ma'aikaciyar jinya ba ya hutu: ina ta ƙirga tsofaffin da leɓensu ya bushe da jariran da aka goya ba mayafi a kai. Labarin korona ya fara yawo a lokacin, ina da man wanke hannu a jaka, amma gaskiya abin da ya fi ba ni tsoro ran nan ƙishirwa ce. Wata baiwar Allah kusa da mu ta sulale ƙasa. Da muka ja ta inuwa, na kaɗa mata ORS a ruwan roba, minti goma ta dawo hayyacinta tana tambayar ina takalminta.

Sai ƙura ta tashi. Bindiga ake bugawa a ba su alama, amma ihun jama'a ya danne komai. Mutane kamar fari suka kwararo a guje suka faɗa ruwa, cikin ɗan lokaci ba ka ganin kogin, sai goruna da kawuna da bakin homa suna sama suna ƙasa. Makaɗa a cikin kwalekwale suna ratsa tsakaninsu. Can sai ki ga mutum uku huɗu sun rungumo giwan ruwa suna ja zuwa wurin ma'auni, kifin ya kusa kai tsawon mutum. Wanda ya zo na ɗaya a shekarar kilo 78 ya yi. Ni da nake auna mutane kullum na san magidanta da yawa ba su kai haka ba.

A cikin wannan hayaniya autata ta ɓace.

Na sake hannunta ne don in ɗaga waya in ɗauki hoto, ba zan ɓoye miki ba. Da na waiwaya babu ita. Shekararta biyar, ga ruwa a gabanmu. Ban san ina da irin wannan murya ba sai ran nan. Maigida ya yi gabas, na yi yamma, Inna ta riƙe babban tana salati. Abin da ya cece mu, kafin mu fito gida na rubuta lambar wayata da biro a damtsenta, dabarar da na koya wurin wata uwa a ɗakin yara. Wayata ta yi ƙara, wata mai sayar da fura ce. Na same ta zaune a kan tabarma, an ba ta ludayi tana sha, ko kuka ba ta yi. Ni ce na yi kukan. Matar ta ce, "Haba ɗiyata, ai ba a ɓata a Argungu." Na gode mata, amma ke dai ki rubuta lambar.

Kamun bai fi awa guda ba aka gama. Muna komawa mota a gajiye, jikinmu duk ƙura, yaron ya dube ni ya ce, "Mama, duk wannan wahalar don kifi?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Inna ce ta ce a juya mota zuwa tsohuwar fada.

Gidan Tarihin Kanta ginin ƙasa ne, nan sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Da shigarki sanyi zai tarbe ki. Akwai masu, takubba, kwari da baka, tambura, layu da kayan su na dā, kuma a cikin gidan ake binne sarakuna. Inna ta kama hannun jikanta tana bi da shi ɗaki ɗaki. Ta faɗa masa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame, ya ƙi bin Songhai. Ta faɗa masa yadda Birnin Kebbi, garin da aka haife shi, ya faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, da yadda Kabawa daga baya suka kafu a Argungu suka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru.

Maigidana mutumin Gwandu ne. Yana tsaye a bayanmu, hannu a baya, kunyar suruka ta hana shi cewa uffan.

Inna ta nuna wani mashi ta ce wa yaron, "Angona, ka ga wannan? Da irinsa kakannina suka jira kakannin babanka." Yaron ya dubi zanen Kabanci a fuskarta, ya dubi ubansa. Ta ce a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako har Argungu, aka rasa irin tarbar da ta dace da baƙon da jiya abokin gaba ne, sai aka tara masunta suka shiga ruwa don girmama shi. Wannan ranar ce ake maimaitawa. Su da fashin ruwa sun girmi 1934 nesa ba kusa ba, amma taron da muka gani daga wannan ziyara ya samo asali, shi ne kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kaka, da ba a shirya ba, Mama ba za ta auri Baba ba ke nan?"

Inna ta yi dariya har da riƙe bango. Maigida ya fita waje wai zai duba mota.

Abin da ya ba ni haushi, da mun fara zuwa nan da safe, da wani ido daban yaron zai kalli ruwan. Mun kuma rasa wasannin Kabanci, tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da nutso, domin kafin ranar rufewa ake yin su, kuma an ce yara sun fi jin daɗinsu, cunkoson ma da sauƙi. Idan Allah ya kai mu wani, kwana za mu yi a gidan ƙanwar Inna.

Ki tafi da ruwa fiye da yadda kike zato, da hula ga kowane yaro, da ORS ko guda uku. Jariri kuwa ki bar shi gida wurin kakarsa, in dai ita ma ba ta riga ki shiga mota ba.