Burauza a Cikin Manhaja da Makomar Haruffa Masu Ƙugiya

Manhajojin kwamfutar tebur da yawa suna ɗauke da wata taga wadda a gaskiya burauza ce aka dasa a jikinsu. Ta wannan taga ake nuna taswira, ko rasidi kafin a buga shi, ko shafin taimako, ba tare da mai aiki ya fita daga manhajar ba. Microsoft ce ta yaɗa dabarar tun fitowar Internet Explorer 3 a 1996, lokacin da ta ba masu rubuta manhaja damar ɗauko injin burauzar su saka a tagoginsu da sunan WebBrowser. Daga nan masu aiki da Visual Basic da Delphi da Visual C++ suka rungume ta, haka ma masu WinDev, kayan aikin kamfanin PC SOFT na Montpellier da ya karɓu a ƙananan ofisoshin Faransa da ƙasashen Afirka masu Faransanci.

Dasa tagar ba ta cika wahala ba. Abin da ya sa wa tsofaffin sana'ar furfura shi ne miƙa rubutu tsakanin manhajar da burauzar, domin kowannensu da irin yadda yake ajiye haruffa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohuwar manhajar Windows a Yammacin Turai tana ba kowane harafi bayit ɗaya a tsarin Windows-1252, wanda gurabensa ba su wuce 256 ba. Tagar WebBrowser kuwa takan karɓi adireshi da rubutu a siffar da ake kira BSTR, inda harafi yake cin bayit biyu a tsarin UTF-16, an kuma rubuta tsawon rubutun a bayit huɗu da ke gabansa. Shafin intanet da ke cikin tagar shi kuma galibi UTF-8 yake bi, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Tsari uku ke nan a cikin taga ɗaya, kuma a kowace mahaɗa sai an juya rubutun.

Sunan garin Vénissieux ya isa misali. Gari ne da ke manne da Lyon ta kudu maso gabas, mai mutane sama da 60,000, inda Marius Berliet ya kafa masana'antar manyan motocinsa, waɗanda ayarinsu ya ratsa Tenere a Nijar tsakanin 1959 da 1960. Sunan haruffa goma ne. A Windows-1252 bayit 10 yake ci, a UTF-16 bayit 20, a UTF-8 kuwa 11, saboda harafin é shi kaɗai yana cin biyu, C3 da A9. Idan manhaja ta aika sunan a UTF-8, burauzar kuma ta karanta shi da zaton Windows-1252 ne, sai a ga VÃ©nissieux a saman rasidi. Duk wanda ya daɗe yana karɓar takardun kwamfuta a Faransa ya taɓa cin karo da wannan ɓarna. Haruffan Hausa ma ba su tsira ba: ƙ yana komawa Æ™, ɗ ya zama É da doguwar sanda, ɓ ya zama É da alamar buɗe zance.

Sai dai wannan ita ce cuta mai sauƙi, domin bayit ɗin suna nan yadda aka aiko su, karatun ne kawai ya karkace. Da zarar an rubuta a kan shafin cewa UTF-8 ne, komai ya dawo daidai. Mai tsanani ita ce wadda ake yi ta ɗaya hanyar, wato a ɗauko rubutu daga burauza a matsa shi cikin tsarin bayit ɗaya. Windows-1252 yana da gurbin é da è da ç har da œ, amma ba shi da na ɓ, ɗ, ƙ, ko ƴ da ake rubutawa a Nijar. Harafin da ba shi da gurbi, galibi alamar tambaya ake sa wa a madadinsa. Idan aka adana haka a rumbun bayanai, an yi asarar da ba ta da magani, don babu mai iya gane ko alamar nan ƙ ce a da ko ɗ, sai dai mai jin harshen ya zauna ya bi layi-layi yana gyarawa da hannu.

A nan ne gari irin Vénissieux yake da abin koyarwa. Mai rubuta manhaja a Lyon ko Paris yana gwada aikinsa da Faransanci, Faransanci kuma yana ratsa Windows-1252 lafiya lau, saboda haka sai ya ga komai ya tafi daidai ya miƙa aiki. Kuskuren yana nan kwance, kamar gara a cikin azara, sai ranar da nauyi ya hau. A ɗauki ƙaramar manhajar da wata ƙungiyar 'yan Nijar mazauna unguwar Minguettes ta Vénissieux za ta riƙa rubuta gudummawar mambobi da ita, tana nuna sanarwa a tagar burauza da Faransanci da Hausa. Ɓangaren Faransanci zai fito tsaf, na Hausa kuma ya cika da alamun tambaya, mai manhajar ya ce ai matsalar madannai ce ko ta zanen haruffa. Ba haka ba ne. Zanen da ba shi da harafin yakan nuna ɗan akwati ko ya aro daga wani zanen, alamar tambaya kuwa shaida ce cewa an kashe harafin tun a hanya. Shi ya sa waɗanda suka ga jiya a aikin ba sa yarda da gwajin da aka yi da é kaɗai. Sukan saka kalma kamar ƙarƙashi, su aika ta cikin tagar, su dawo da ita, su adana, su sake buɗewa, sannan su ce an gama.

Dalilin da ya sa wasu suka daina kula da wannan asara yana da tarihi. Kafin Unicode, tushen UTF-8 da UTF-16, wanda ya fito a 1991 amma ya daɗe bai ratsa ofisoshi ba, masu buga Hausa sun saba da dabaru: wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su sa waƙafi a gefensa, wasu su yi amfani da zanen haruffa na musamman da ya sace gurbin wani harafin Turawa ya sa ƙugiya a ciki, da yawa kuma su bar ƙugiyar gaba ɗaya. Rubutun da aka yi da irin wancan zane yana rushewa da zarar ya shiga burauza, domin lambar da ke ƙasa ta wani harafi ce daban. Sabo da rubuta kasa a wurin ƙasa ya sa mai karatu ya koyi cike giɓi da kansa, har aka ɗauka ba wata hasara ba ce. Hasara ce, musamman ga yaron da aka haifa a yankin Lyon yana koyon harshen iyayensa daga allon kwamfuta, wanda ba shi da kunnen da zai gaya masa inda ƙugiya ta faɗi.

Akwai tarko na biyu da bai shafi bayit ba. Manhaja takan yi magana da shafin da ke cikin tagarta ta hanyar haɗa umarnin JavaScript, ta cusa rubutun mai aiki tsakanin waƙafi biyu na sama. Rubutun Hausa na Najeriya cike yake da wannan alama: 'yan, 'ya'ya, sana'a, jama'a. Waƙafin da ke cikin kalmar sai ya rufe zancen tun kafin lokacinsa, umarnin ya karye, tagar ta tsaya fari fat. Faransanci ma yana faɗawa ciki da sunaye irin su Villeneuve-d'Ascq. Abin ya wuce ɓacin shafi, domin ta wannan kafar mugu yake iya shigar da umarninsa a manhajar da ke da iko da fayilolin kwamfutar. Maganin da aka tabbatar shi ne kada a haɗa umarni da hannu: a naɗe rubutun a JSON a miƙa shi a matsayin saƙo. Adireshi ma da nasa juyin, inda é yake zama %C3%A9, ƙ kuma %C6%99, kuma sau ɗaya ake yin sa, don in aka maimaita, alamar % ɗin kanta za a sake juyawa.

Ƙidayar tsawo ita ma ta kayar da mutane da yawa. Kalmar ƙarƙashi haruffa takwas ce amma bayit goma a UTF-8. Wanda ya ware wuri da lissafin haruffa, ko ya yanke rubutu a bayit na kaza don ya shiga fili, yana iya raba harafi gida biyu. Masu C++ kuma suna da ƙarin nauyi: BSTR da aka ware da SysAllocString dole a sake shi da SysFreeString, in ba haka ba manhajar da ke sabunta shafi duk minti ɗaya za ta ci ma'adana a hankali har kwamfutar ta fara ja da ƙyar da la'asar.

Injinan sun canza. Marshall Greenblatt ya fara CEF a 2008 don dasa injin burauzar Chromium, Electron ya biyo baya a 2013, Microsoft ta fitar da WebView2 a 2020, sannan ta yi ritayar Internet Explorer 11 ranar 15 ga Yuni 2022. Tsohuwar tagar WebBrowser dai tana nan a manhajojin gareji da ɗakunan ajiyar kaya, tana nuna shafuka kamar Internet Explorer 7 muddin ba a canza mata saiti a rajistar Windows ba. Sababbin injinan sun fi ta sauri da tsaro, amma mahaɗar ba ta gushe ba: WebView2 yana karɓar UTF-16, shafin yana zuwa a UTF-8, rumbun bayanan da aka gada daga shekarun 1990 kuma yana nan a bayit ɗaya. Ƙa'idar da gogaggu suka tsaya a kai ita ce a riƙe rubutu a Unicode a duk cikin manhajar, a juya shi sau ɗaya a bakin shiga, sau ɗaya a bakin fita, a faɗi sunan tsarin ƙarara a kowane juyi maimakon a bar wa saitin kwamfutar zaɓi, sannan a mayar da tsohon rumbun zuwa Unicode kafin a buɗe wa manhajar sabuwar taga.